Ranar da Na Ƙi Cewa "Da Sauƙi"

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Na manta shekarar da aka kawo famfo layinmu, na manta fuskar ungozomar da ta karɓi haihuwata, yanzu ma sai in yi ta neman carbi alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai wata safiyar Talata da ba za ta fita daga raina ba har ƙasa ta rufe mini ido. Ita ce safiyar da na buɗe baki a gaban likita, maigidana yana zaune, na yi maganar ɗana na fari.

Na san 'yan yanzu za su ce to mene ne a ciki. Ku bari in faro daga tushe.

A lokacin muna zaune a Nima, cikin Ankara, 'yan shekaru kaɗan bayan Gana ta samu 'yancin kai. Gidan haya ne irin na Zango, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, Dagomba da Moshi da Zabarmawa da Kotokoli duk muna shanya a igiya guda, kowa da irin Hausarsa. Ni iyayena Sakkwatawa ne, fataucin goro ya kawo su ƙasar, kuma sun zo da al'adunsu cif, ba su zubar da ko ɗaya a hanya ba. Cikinsu har da kunyar ɗan fari. Mahaifiyata ta hore ni a kan cewa ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a zuba masa ido a gaban mutane, in ma an tambaye ki shi sai ki kawar da kai. Haka na tashi da nawa. In zan kira shi sai in ce "kai", in zan yi zancensa sai in ce "yaron nan".

Akwai maƙwabciyata, wata 'yar Kotokoli mai wanki da guga a gidan wasu Turawa, kullum cikin yi mini tsiya take. Ita Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Takan ce, "Yaro naka ne, kai ka haife shi, kuma kana gudu nashi kamar ka ga ɗan sanda!" Sai in yi dariya in ci gaba da tankaɗe.

Ni ba mai fita ba ce. Koko da ƙosai nake yi a ƙofar gida da safe, daga nan sai tsakar gida da hira. Sai in shekara ban taka Circle, can cikin gari, ba. Amma Allah ya ba ni kunne, kuma in na ji murya sau ɗaya zan kwaikwaye ta har matan gida su riƙe ciki. To abin da al'ada ta hana idona, sai kunnena ya ɗauka. Da kunne na raini yaron nan. Na san tarinsa, na san yadda yake ajiye buta, na san tafiyarsa tun daga bakin lungu: ƙafar dama tana ɗan fi ta hagu nauyi, yana tafe yana fito.

Yana da shekara goma sha shida, yana koyon ɗinki wajen wani tela a Maamobi, abin ya fara. Fiton ne ya fara ɗaukewa. Daga nan sai in ji shi a ɗaki shi kaɗai yana cewa "Na'am?" ba wanda ya kira shi. Sai ya ce keken ɗinki yana zaginsa. Sai ya daina cin abincin kowa in ba ni na zuba ba, wai ana sa masa wani abu. Akwai akwatin rediyo irin na waya a rataye a zauren gidanmu, ya ce labarinsa ake bayarwa a ciki. Wata rana da azahar ya fizge akwatin daga bango ya jefa a kwata, ya tuɓe riga ya zura da gudu. Sai a Kanda aka tare shi, kusa da inda babansa yake aikin gini. Da igiyar shanya aka dawo mini da shi, yaran unguwa na biye suna ihu. Ina tsaye a bayan ƙyaure ina jin kalmar da suke kiransa da ita, kuma ko a ranar ban fito na rungume shi ba.

Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, an yi sauka, an yanka abin da aka ce a yanka. Limamin masallacinmu ne da kansa ya ce wa maigida, "Addu'a ba za mu fasa ba, amma ka kai shi asibiti. Maganin can ma Allah ne ya saukar da shi."

A asibitin masu taɓin hankali muka samu wani likita mai sanyin magana, ba ya jin Hausa ko kalma. Tafintansa wani tsohon soja ne, ɗan ƙabilar Ga, wanda ya koyi Hausa a bariki. Ta bakinsa likitan ya ce an kawo sababbin magunguna da za su iya sa a riƙe yaro a gida ba sai an kulle shi ba, amma sai an gwada an ga wanda jikinsa zai karɓa, kuma mu riƙa kawo shi duk bayan mako biyu, ranar Talata. Yaron ba ya yarda ya shiga trotro, wato motar haya, sai ya ga ina ciki, shi ya sa nake bin su shi da babansa. In mun shiga sai su zauna a gaban tebur, ni kuma in lafe a bencin baya da mayafina, kamar rakiya na yi wa ɗan maƙwabta.

Maganin farko wani ruwa ne mai wari, in ya sha sai barci, in ya tashi kuma muryoyin suna nan suna jiransa. Aka canza zuwa wata farar ƙwaya. Wannan kam ta yi aiki, don cikin 'yan kwanaki na daina jin "Na'am" a ɗakin da ba kowa. Na yi sujada na gode wa Allah. Amma ba a jima ba sai kunnena ya fara kawo mini wani labari. Tafiyarsa ta canza. Ƙafar dama da ta hagu suka zama ɗaya, duk ja yake yi, shaa, shaa, kamar tsoho ɗan tamanin. In yana shan koko sai in ji ludayi yana bugun kwano, ƙal-ƙal-ƙal. Harshensa ya yi nauyi, yawu yana dalala a gaban rigarsa. Mafi muni, wani lokaci da hantsi sai wuyansa ya murɗe gefe guda, idanu su kafe sama, ya kasa ko haɗiye yawu, sai gurnani.

Mutanen gida suka ce ai aljanun ne suka fusata da maganin Bature. Magana ta kai kunnen wan maigidana, wanda yake fataucin goro zuwa arewa, ya aiko cewa in ya zo bayan Babbar Sallah zai tafi da yaron a motarsu, akwai wani mai magani a can da yake sa irinsu a mari har su dawo hayyacinsu. Maigida ya amince, don ba ya musu da wansa. Ni kuwa ina da ɗan ƙanwar mahaifiyata da aka taɓa kaiwa irin wurin. Rigarsa kawai aka dawo da ita. Saura mako bakwai Sallah, kuma ni ba ni da bakin cewa a bar mini ɗana, tunda ko "ɗana" ban taɓa furtawa ba.

Ga yadda zuwanmu asibiti yake kasancewa. Likita ya yi magana, tsohon soja ya juyo ya ce, "Dokita ya ce yaya yaro?" Maigida ya gyara zama ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Tsohon soja ya juya ya faɗi wata 'yar gajeriyar kalma. Likita ya yi murmushi, ya dubi yaron da a da sai ƙarti uku sun danne shi, ga shi yau a zaune shiru, ya yi rubutu. In mun karɓo magani sai mu ga an ƙara yawan ƙwayar. Kuma da yake sammako muke yi, ba na ba shi ta safe sai mun dawo, don haka likita bai taɓa ganin wuyan nan a murɗe ba.

Kada ku ga laifin maigidana. Ba ƙarya yake yi ba. Da asuba yake fita, sai magariba yake dawowa, abin da ake ciki da hantsi ba a gabansa ake yi ba. Kuma ko da a gabansa ne, abin da zai faɗa ke nan. Mu haka muka tashi. In an ce yaya jiki, amsa ɗaya ce. Na sha jin an ce "da sauƙi" da hantsi, a yi jana'iza da la'asar. Godiya ce ga Allah, ba labarin ciwo ba ce.

Ni dai kalmar tsohon sojan nan ce ta tsaya mini. Sau uku ina jin ta, kuma sau uku ƙwaya tana ƙaruwa. Na riƙe ta a baki tun daga asibiti har gida, ina maimaitawa a trotro don kada ta zube. Na tarar da maƙwabciyata tana zuba gawayi a dutsen guga, na ce, "Ke da kike jin Turanci, mene ne beta?"

Ta ce, "Beta? Shi ne ciwo yana tafiya, yau ya fi jiya. Wa ya yi beta?"

Na ce, "Yaron nan."

Ta ajiye dutsen guga. "Wane yaro? Wannan da yawu yake zuba? Wa ya gaya ma dokita haka?"

Na ce, "Mu. Da sauƙi muka ce."

Ta tafa hannu ta kama haɓa. "Ku Hausa za ku kashe mutum da gaisuwa! Madam nawa in ya je dokita, daga kai har ƙafa yake lissafawa, ko tusa ba ya bari. Dokita ba maƙwabci ba ne da ya zo duba ku. Tambaya yake yi!"

Wallahi sai na ji kamar an kwara mini ruwan randa. Ashe duk zuwan nan da muke yi, likita tambaya yake, mu kuma muna amsa gaisuwa. Shi yana jin jikin yaro ya karɓi magani, sai ya ƙara. Da bakinmu muke ƙara masa.

Da magariba, maigida yana cin tuwo, na durƙusa gefe na yi ta kewaye-kewaye. Na ce, "Malam, wai ashe shi likitan nan, in an ce masa da sauƙi, ɗauka yake an warke."

Ya ce, "To me kike so in ce? In zauna gaban mutane ina ƙorafi a kan abin da Allah ya ɗora mini?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da cin tuwonsa. Magana ta mutu a nan.

Mako biyun nan ban yi hirar kirki da kowa ba, har matan gida suna tambaya ko lafiya. Saurare nake. Na gane in ya sha ta safe lokacin da na ɗora man ƙosai, to kafin in wanke tukunyar koko wuyan zai fara. Na gane rawar hannun ta fi tsanani kafin azahar, tana lafawa bayan la'asar. Na gane tun da aka koma ƙwaya uku abin ya fara, lokacin da yake shan biyu ja da ƙafa kawai yake. Duk na jera su a kaina yadda nake jera kwanuka.

Ranar Talatar, kafin mu fita, na ba shi ƙwayar safe. Ban gaya wa kowa ba.

Muka shiga. Likita ya yi magana, tsohon soja ya ce, "Dokita ya ce yaya yaro?" Maigida ya gyara zama ya ce, "Da sauƙi, alham..."

Na ce, "Babu sauƙi."

Ni kaina ban san muryata za ta fito da ƙarfi haka ba. Maigida ya waiwayo kamar bencin ne ya yi magana. Tsohon soja ya ce, "Mma, me ka ce?"

Na ce, "Ka gaya masa ba beta. Ko kaɗan ba beta."

Likita ya ajiye alƙalami, don wannan kam ya ji ba sai an fassara masa ba. Ya yi tambaya, tsohon soja ya ce, "Dokita ya ce kai wane ne na yaro?"

Shekara goma sha shida ba a taɓa yi mini tambayar nan na amsa ba. Na ji kamar mahaifiyata tana tsaye a bayana. Na dubi ƙasa na ce, "Ni na haife shi."

Daga nan sai bakina ya ɓalle. Na fara bayani, amma na lura Hausar tsohon soja ba ta ɗaukar kayan da nake ɗora mata. In na faɗi magana goma, biyu yake miƙawa. Na ce dalala, ya ce mene ne dalala. Sai na ce a raina, to bari in yi abin da na iya. Na miƙe a gaban maza uku, na ja silifana a kan siminti, shaa, shaa, na nuna yaron. Na ɗauki cokalin da ke cikin wani kwanon ƙarfe a kan teburin likita na buga shi yadda ludayi yake yi, ƙal-ƙal-ƙal. Na nauyaya harshena na yi maganar yaron sak, yadda yake cewa a ba shi ruwa. Sannan na murɗe wuyana na kafe ido sama. Na ɗaga yatsu biyu na ja ƙafa, na ɗaga uku na murɗe wuya. Maigida ya sunkuyar da kai, na san ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsohon soja ya fara dariya, ya dubi fuskar likita, ya haɗiye ta.

Na ce, "Ka gaya masa na ba shi ta safe. In yana son gani da idonsa, a bar mu a benci har rana ta kawo bakin tagar can."

Aka bar mu a baranda. Maigida ya zauna can ƙarshen benci. Rana ba ta gama kaiwa tagar ba na ji numfashin yaron ya canza, tun kafin kowa ya ga komai. Wuyan ya tafi, idanu suka kafe, ya fara zamewa daga benci. A nan ne na kira sunansa. Sau ɗaya, da ƙarfi, a gaban duk mutanen da ke layi. Na tallafe kansa a ƙirjina. Likita ya fito da sauri, ya duba, ya sa aka yi masa wata allura. Kafin a ɗauki lokacin da za a dama koko, wuyan da muka yi makonni muna cewa aljanu ne ya saki, ya dawo daidai.

Likitan ya daɗe yana magana, tsohon soja ya taƙaita: "Dokita ya ce ba aljani, magani ne ya yi yawa. Ya ce daga yau kai ne za ka zauna a kujera na gaba." Aka rage farar ƙwayar, aka haɗa masa da wata 'yar mitsitsiya mai hana sanƙarewa.

Muka hau trotro zuwa gida. Muna sauka, maigida ya yi gaba, mu muna baya, sai yaron ya ce da harshensa mai nauyi, "Mma, ashe kin san tafiyata." Na ce, "Kai, yi sauri rana na yi." Mayafi ne ya rufa mini asiri.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Da aka rage, muryoyin sun ɗan leƙo, aka ƙara rabi. Daga baya farar ta sa fatarsa ƙuna in ya shiga rana, aka koma wata shuɗiya, ita ma sai da aka yi ta ɗagawa ana saukewa kamar ana gwada wa mutum riga. Amma yanzu duk Talata ni nake ba da labari, likita yana rubutawa. Zuwanmu na gaba da tsohon soja ya ce yaya yaro, sai maigida ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ku tambayi uwarsa." A duk zamanmu da shi, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ba ni kyautar da ta kai wannan ba.

Bayan Sallah wan maigida ya iso kamar yadda ya ce. Yana zaune a kan tabarma, yaron ya kawo masa ruwa a kwanon sha, cike, bai zubar da ko ɗigo ba, ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da hanya." Ina daga madafa ina sauraron kwanon, ban ji ƙal ko ɗaya ba. Baƙon ya sha, ya ce, "To ya maganar tafiya?" Maigida ya ce, "Yaya, a bar shi tukuna. Ana samun sauƙi." Karo na farko ke nan da na ji kalmar nan a gidanmu tana nufin abin da ta faɗa.

Yaron bai tafi ba. Ya koma ɗinki bayan shekara guda, daga baya ya samu kekensa a Maamobi. Bai rabu da ƙwaya ba, kuma ciwon yakan taso jefi-jefi, musamman in ya ji ƙarfi ya ce ya warke ya daina sha. Fiton ma bai dawo ba. Amma wata rana ina wanke tukunya na ji tafiya daga bakin lungu, ƙafar dama ta ɗan fi ta hagu nauyi, na san ɗana ya dawo. Mayafin da nake zuwa sallar Idi da shi, shi ya yi masa bakin.

Kun lura har na gama ban faɗi sunansa ba. Kunyar tana nan, ban yar da ita ba, kuma ba na jin haushin mahaifiyata da ta koya mini. Har gobe in maƙwabta suka leƙo suka ce yaya mai jiki, "da sauƙi" nake cewa, don gaisuwa suka yi. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne in bambance mai gaishe ni da mai tambayata. Duk matar da ta zo mini da yaro marar lafiya tana neman shawara, abu ɗaya nake gaya mata: ki gode wa Allah a kan sallayarki, amma in kin zauna gaban likita ki faɗi duk abin da kika gani da abin da kika ji, ko da ɗan fari ne, ko da mijinki yana zaune. In babu sauƙi, ki ce babu.